Takardar tambayoyi ko zaman bakin rumfa: wanne ya fi kafin a gina manhaja?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, kuma zan maimaita ta a taƙaice saboda waɗanda ba su gani ba. Ka ce kana jagorantar mutum shida a nan Maradi, kuna gina manhajar salula wadda dillalan hatsi da wake za su riƙa rubuta bashi a cikinta maimakon littafi, kuma kuɗin da ya rage muku ba zai ɗauki aiki biyu ba. Rabin mutanenka suna so a buga takardar tambayoyi a raba wa ƴan kasuwa ɗari uku, sauran kuma, har da yarinyar da ke tsara muku fuskar manhajar, suna so a je kasuwa a zauna da mutum biyar ko shida, a miƙa musu wayar a ga yadda za su yi da ita. Ka tambaya wanne ya fi, da kuma yadda za ka yanke hukunci ba tare da ka ɓata wa wani ɓangare rai ba.

Shawarata ita ce ku fara da zaman kasuwa. Amma kafin in kawo dalili, bari in ba takardar tambayoyi haƙƙinta, domin akwai aikin da ita kaɗai take iyawa, wato ƙidaya. Idan kana son sanin dillalai nawa ne cikin ɗari suke riƙe da babbar waya, nawa ne har yanzu suke kan ƴar ƙarama mai madannai, wane ne yake kan layin Airtel, wane ne yake kan Moov ko Zamani, nawa ne suke karanta boko, nawa ajami, nawa Faransanci, to mutum biyar ba za su gaya maka wannan ba ko da ka kwana da su. Za ka iya zama da mutum biyar a babbar kasuwa ka tarar duk suna da babbar waya, ka koma kana cewa kowa ya samu, alhali da ka je Tasawa ko Dakoro ranar kasuwa da ka ga wani abu dabam. Irin waɗannan tambayoyi mutum ya san amsarsu, kuma ba shi da dalilin jin nauyin faɗa.

Inda takardar take karyewa shi ne lokacin da aka tambayi mutum ra'ayinsa a kan abin da bai taɓa riƙewa ba. Ka rubuta "Za ka yi amfani da wannan manhaja?" ka kai wa Alhaji a rumfarsa, ga ka tsaye cikin rana ka zo takanas, me kake tsammani zai ce in ba "Madalla, Allah ya sa albarka" ba? Mutumin Maradi ba ya kushe abin da baƙo ya kawo masa a kan idonsa, kara ba za ta bar shi ba. Kada kuma ka ɗauka halinmu ne mu kaɗai. A 2012 wasu masu bincike, cikinsu akwai Nicola Dell da Indrani Medhi, sun wallafa wani gwaji da suka yi a birnin Bangalor na Indiya, inda suka yi hira 450 da direbobin adaidaita da ɗaliban jami'a. Sun riƙa nuna wa mutum abu biyu iri ɗaya sak a waya, suna cewa ɗaya daga ciki mai tambayar ne ya yi shi, sai ga shi mutane suna fifita na mai tambayar da kusan ninki biyu da rabi, idan kuwa mai tambayar baƙo ne daga waje mai magana ta bakin tafinta, sai fifikon ya kai ninki biyar. Amsa ɗari uku irin wannan ba ta fi amsa ɗaya ba, sai dai ta ƙara maka ƙarfin gwiwa a kan kuskure. Ga kuma wata matsala da duk wanda ya taɓa raba takarda a kasuwa ya sani: sau da yawa yaron shago ne yake cika ta, Alhajin da ake nufi yana can yana ciniki.

Zaman bakin rumfa ba ya tambayar ra'ayi, aiki yake bayarwa. Za ka miƙa wa mutum waya ka ce masa, "Ga wani ya ɗauki buhu biyu na hatsi bashi zuwa Juma'a, rubuta shi," sannan ka kama bakinka ka sa ido a kan yatsansa. Abin da ya sa mutum biyar suke isa a nan, alhali ba su isa wajen ƙidaya ba, shi ne ramin da ke kan hanya kusan kowa yana faɗa masa, saboda haka ba sai mutum ɗari sun faɗa za ka yarda akwai rami ba. Jakob Nielsen, masanin gwada sauƙin amfani da manhajoji, ya yi bayanin haka a 2000, bisa lissafin da suka yi da Tom Landauer a 1993, cewa mutum ɗaya yakan tono kusan kashi 31 cikin ɗari na matsalolin amfani, biyar kuma kusan kashi 85, daga nan sai a yi ta ganin abin da aka riga aka gani. Shi ya sa ya fi son a gwada da biyar, a gyara, a sake gwadawa da wasu biyar har sau uku, a kan a tara sha biyar a zama ɗaya. Sharaɗin da mutane suke mantawa shi ne biyar ɗin su zama iri ɗaya. Babban dillali da yaron shagonsa da matar da ke sayar da man gujiya da ƙuliƙuli a cikin gida ba iri ɗaya ba ne, kowane rukuni yana buƙatar mutum uku ko huɗu nasa, kuma na cikin gida mace ce za ta shiga wajensu.

Zan ba ka abin da ya same ni, domin shi ya raba ni da gardamar nan. Na taɓa aiki da wata ƴar tawaga a kan manhaja mai kama da taku, muka yi gurbin rubuta kuɗi, muka sa tambarin Sefa a gefensa, kowa ya duba ya ce ba laifi. Ranar da muka kai ta kasuwa, na ce wa wani dattijo ya rubuta bashin ɗari biyar, sai ya danna 500 ya ɗago kai yana jiran na gaba. Shi dala ɗari biyar yake nufi, wato Sefa 2,500, manhajar kuma ta ajiye Sefa 500, ke nan da mun sake ta a haka da kowane bashi ya koma kashi ɗaya cikin biyar na ainihinsa. Da na ce ya rubuta jika uku da ɗari, sai ya yi shiru yana kallon madannan, ya juya wayar, can ya miƙa wa yaronsa. Dukanmu da muka gina abin da dala muke ciniki a kasuwa, da Sefa kuma muke rubutu a kwamfuta, kuma babu wanda ya taɓa lura yana sauya lissafi tsakanin biyun, to wa zai tuna ya sa wannan a takardar tambayoyi? A zaman nan dai muka ga cewa gurbin suna da sunan mahaifi da muka wajabta cikawa ba shi da amfani, domin a littafinsa "mai kantin bakin masallaci" da "ɗan Jibiya" yake rubutawa, wasu basukan ma da Naira suke, kuma rubutunmu mai ruwan toka da ya yi kyau a ƙarƙashin fanka ba ya karantuwa a hasken hantsi.

Sabon abu ma yawanci ta wannan ƙofa yake shigowa. Lokacin da aka fara gwada M-Pesa a Kenya a 2005, an tsara ta ne don masu ƙananan rance su riƙa biyan bashinsu ta waya, sai masu aikin suka lura mutane suna tura wa junansu kuɗi da ita, suka bi abin da suka gani, kamfanin layin waya na Safaricom ya ƙaddamar da ita a watan Maris na 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Ba zan yi mamaki ba idan kun tarar dillalanku sun fi damuwa da hanyar tuna wa mai bashi cikin mutunci fiye da wurin rubuta bashin kansa.

Zaman yana da nasa rauni. Ba ya ba da alƙaluma, mai ba da jari kuwa alƙaluma yake son gani. Yana kuma buƙatar haƙurin yin shiru, abin da yake yi wa wanda ya rubuta manhajar wuya ƙwarai, domin da ya ga mutum ya rikice sai hannunsa ya kai ga wayar. Karar nan da na ambata ma tana iya biyo ku har rumfa, saboda haka kada ku ce ku kuka gina, kada ku tambaya ko ta yi kyau, kuma ku gaya wa mutum tun farko cewa wayar ake jarrabawa. Ta fuskar kuɗi da lokaci dai zaman ya fi sauƙi nesa, tunda ba bugun takarda, ba masu rabawa da kuɗin kabu-kabunsu, ba makonnin shigar da amsoshi a kwamfuta.

Sai batun shugabanci, wanda a ganina shi ne ainihin abin da ya hana ka barci. Sakamakon takarda yakan zo a matsayin rahoto a kan teburin shugaba, kowane ɓangare ya tsinci layin da ya goyi bayansa, gardama ta dawo sabuwa. Wanda kuwa ya ga dattijo ya miƙa wa yaronsa waya da idonsa, ba ya buƙatar a rinjaye shi. Saboda wannan ne sashen da ke gina ayyukan intanet na gwamnatin Birtaniya ya ɗauki ƙa'idar cewa kowane ɗan tawaga, har manya, ya kalli masu amfani na aƙalla awa biyu a kowane mako shida. Mutanenka shida ne kawai, don haka kowa ya je, biyu-biyu, ɗaya yana ba da aiki ɗaya yana rubutu, kuma waɗanda suka nemi takarda su ne za ka ba alƙalami. Kai ma ka je, amma ka zauna a baya, domin idan mai gida ne da kansa ya miƙa wayar, ba ɗan kasuwar ba ne kawai zai yi kara, har yaranka ma za su yi.

Wannan karar ta cikin gida ta fi ta kasuwa haɗari. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard, a binciken da ta yi a asibitoci cikin shekarun 1990, ta tarar tawagogin da suka fi haɗin kai su ne suka fi kai rahoton kurakurai, saboda ba sa tsoron faɗa, kuma Google ya isa ga makamancin wannan sakamako bayan ya nazarci tawagoginsa 180. Mu da muka taso a kan cewa yaro ba ya musu da babba, balle mace ƙarama a cikin maza, sai shugaba ya buɗe ƙofar da hannunsa. Dabarar da na ga tana aiki ita ce, kafin a tafi kasuwa ka rubuta abu uku da kake da yaƙinin za su faru, ka liƙa a bango, idan an dawo ka karanta su da bakinka ka soke waɗanda suka faɗi. Sannan a zaman tattaunawa mafi ƙanƙanta ya fara magana, kai ka zama na ƙarshe, domin da zarar ka furta ra'ayinka sauran "haka ne" kawai za su ce.

Bayan zagaye na farko, ƴan takarda su samu rabonsu: tambayoyi bakwai ko takwas, duk na ƙidaya, waɗanda aka ciro daga abin da aka gani, kamar nawa ne suke lissafi da dala kuma nawa ne suke ba da bashi da Naira, a yi su da baki ko ta kiran waya. Wuri ɗaya ne zan juya shawarar. Idan har yanzu ba ku da tabbacin cewa dillalan da kuke nufi suna da babbar waya, to ku fara ƙirgawa, domin amsar tana iya mayar da ku ga tsarin danna tauraro da lambobi irin na duba kuɗin waya, kuma wannan gini ne dabam tun daga tushe.

In kun tashi tafiya, ku guji lokacin da ciniki ya kankama, ku nemi izini kwana ɗaya kafin nan, ku riƙe ɗan abin goro saboda lokacin da za ku ci wa mutum. Kada ku nemi ganin littafinsa na gaskiya, bashi sirri ne, ku zo da sunayen ƙirƙira. Idan manhajar ba ta kai a nuna ba, yarinyar nan mai tsara muku fuskar manhajar ta zana fuskokinta a kan kwali daidai girman waya, mutum ya danna da yatsa tana sauya masa shafi.