Takalmi da taswira: abin da za ka saya kafin ka zaga tuddan Castleton

Castleton ƙauye ne a yankin Peak District na Ingila, tsakanin Manchester da Sheffield. Jirgin ƙasa ba ya shiga garin, a tashar Hope ake sauka. Zagayen da aka fi yi shi ne a hau Mam Tor mai tsayin mita 517, a bi doron tudu ta Hollins Cross zuwa Lose Hill, a gangaro a dawo ƙauyen, kusan kilomita 10. Abu biyu ne in ka yi ganganci wajen sayensu za ka ji a jikinka.

Takalmi ne kan gaba, kuma ƙasar da za ka taka ce za ta zaɓa maka. Saman Mam Tor an shimfiɗa masa falalen dutse, kambas mai kauri a ƙasa ya wadatar in rana ta fito. To amma ka gwada kwarin Cave Dale da ke bayan tsohon ginin ganuwa na Peveril. Farin dutse ne da sawun mutane ya goge har yana sheƙi, ga ruwa na bin tsakiyar hanyar. In ka sa kambas na yawon gari, da hannu da ƙafa za ka sauko.

But na fata mai rufe idon sawu ya fi kowanne ƙarko, yana riƙe ƙafa kada ta gurɗe, laka ma ba ta cin sa. Sai dai yana da nauyi, kuma sabo yakan fitar da bororo, don haka sai ka yi kwanaki kana yawo da shi kafin ranar. But na yadi mai shimfiɗar Gore-Tex mai hana ruwa shiga a ciki ya fi sauƙi, ba ya wahalar da ƙafa tun farko, amma in ya tsufa ruwa kan fara shiga ta inda yake lanƙwasawa. Takalmin roba na manoma kuwa, a bar shi ga gona; ƙafa na yawo a cikinsa wajen gangara. Ni dai ga wanda zai fita sau biyu ko uku a shekara, na yadin nan zan ce ya saya. Ka je kanti da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada shi da safa mai kauri, ka bar wurin babban yatsa ɗaya a gaba.

Sai taswira. Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, na da iri biyu. Landranger mai lamba 110 tana ɗauke da faɗin ƙasa, santimita 2 a matsayin kilomita 1, ta fi dacewa da mai mota ko keke. Explorer OL1 mai bangon ruwan lemo tana ba kilomita 1 santimita 4, har katangun duwatsu da ke raba makiyayar tumaki tana nunawa, hanyar da doka ta ba ka damar ratsa gonar mutum kuma an zana ta da koren layi. Ita ce ta mai tafiya a ƙasa. Ka ƙara kuɗi kaɗan ka ɗauki wadda aka rufe da leda, don ruwan can ba ya sallama. Manhajar OS Maps a waya na da amfani, amma ka sauke taswirar tun kana gida, domin sabis kan ɗauke a cikin kwari, sanyi kuma na shanye batir. In a watan Disamba za ka je, ka haɗa da tocilan, rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu.