Sakulina ko Bofirus: Wanne Ya Fi Cutar da Mai Masaukinsa?

Maradi ba ta kusa da teku, amma ɗalibin ilimin halittu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo zai amfana idan ya kwatanta waɗannan ƙananan halittun ruwa biyu, waɗanda ke rayuwa a jikin ƴan uwansu masu ɓawo.

Bofirus yana maƙalewa ne ƙarƙashin ɓawon jatan lande, wajen da take numfashi, yana tsotsar jininta har gefen ya kumbura. Macen Bofirus ce babba, namijin kuwa ɗan mitsitsi ne manne da ita.

Sakulina, wadda aka raɗa wa suna a 1836, ta fi nisa a ɓarna. Tsutsarta mace tana kutsawa cikin ƙaguwa, ta baza jijiyoyi kamar saiwar gamji, sannan ta fito da ƴar jaka a ƙasan cikin ƙaguwar. Daga nan ƙaguwar ba ta ƙara haihuwa, ba ta sake ɓawo, kuma ko namiji ne sai ya riƙa renon jakar yadda mace ke renon ƙwai.

A ganina Sakulina ta fi cancantar nazari, domin Bofirus ƙarfin mai masaukinsa yake ragewa, ita kuwa har ɗabi'arsa take juyawa.