Ƙwaron Fatsa na Kadis: Wanne Ya Kamata Ka Saya Don Kama Tirawut?

Duk wanda ya shiga shagon kayan kamun kifi a Amurka ko Ingila zai tarar da ƙwarin fatsa jere a 'yan akwatuna har ya rasa na ɗauka. Ba ƙwarin gaske ba ne, gashi ne da zare aka naɗe a jikin ƙugiya don yaudarar tirawut, kifin nan na ruwan sanyi. Kadis kuwa, wanda ƙwarin fatsan da za mu duba a nan ke kwaikwaya, ɗan ƙwaro ne da in ya sauka yake kifa fikafikansa a baya kamar jinkar ɗaki. Tsutsarsa a gindin ruwa take girma, sau da yawa cikin ɗan gidan da ta haɗa da yashi da ƙirare.

In guda ɗaya kuɗinka zai saya, ɗauki Elk Hair Caddis. Al Troth ne ya ƙirƙiro shi a jihar Fensilbeniya a 1957. Fiffikensa gashin wata babbar barewa ce da ake kira elk, gashin da ke riƙe iska a cikinsa, shi ya sa ba ya saurin nutsewa. Gashin wuyan zakara da aka naɗe masa a jiki yana ɗaga shi bisa ruwa. A kogi mai gudu yana aiki sosai. Amma kafin ka biya, ka kama fiffiken da yatsu biyu ka ɗan murɗa. In ya juya a jikin ƙugiyar, ɗaurin bai yi ba, kifi biyu zai kama ya warware.

Inda ruwa ya kwanta luf, kifi na samun lokacin duba abin da zai ci, kuma a nan Elk Hair kan ji kunya. X-Caddis, na Craig Mathews da John Juracek daga Montana, ba shi da gashin zakara, don haka yana kwanciya cikin fatar ruwa, da ɗan zare mai ƙyalli a wutsiya kamar ƙwaron da ya kasa fita daga ɓawonsa. Ni shi na fi so da yamma. CDC & Elk na Hans Weilenmann ma haka yake kwanciya, sai dai jikinsa gashin agwagwa ne mai laushi. Kada ka shafa masa man da ake sa wa ƙwari don su yi iyo, gashin zai manne ya lalace.

Goddard Caddis na Ingila gashin barewa aka aske masa ya zama jiki. Nutsar da shi sai an sha wuya. Ya dace da tafki da ruwa mai tunzuri, biyu sun ishe ka.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne tirawut ya fi cin kadis a ƙarƙashin ruwa, lokacin da ƙwaron ke tasowa sama zai fito. In ka ga kifi na fantsama ruwa amma ya ƙi taɓa na saman, Sparkle Pupa na Gary LaFontaine, mai kwaikwayon ƙwaron da ke tasowar nan, kake bukata.

Game da girma, lambar ƙugiya in ta hau, ƙugiyar ƙanƙancewa take. Ka fara da 14 da 16, ruwan ƙasa da kore-kore, uku-uku na kowanne, domin reshen bishiyar bakin kogi sai ya karɓi rabonsa.