Awo a AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta: na haɗe ko na rubutun hannu?

Masu zanen gidaje a Kano sun kasu biyu wajen sa awo. Wasu kan bar DIMASSOC, saitin da ke haɗa awo da zane, a kan 2, wato awon na manne da layin bango. Mai gida ya ce a faɗaɗa falo daga mita 4 zuwa 4.5, ka ja bango, lamba ta canza da kanta.

Wasu kuwa goge lambar suke, su rubuta tasu. Akwai sauri kam, musamman in ana gaggawar kai zane KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Amma lambar ta daskare ke nan. Gobe aka matsar da bango, birkila zai ɗora bulo kan awon ƙarya. Ni na farkon nake bi. In ka gaji zanen wani da aka rubuta lambar da hannu, sa alamar <> cikin rubutun awon a madadin lambar, awon gaskiya zai dawo.