Prometheus ko Covenant? Ɗauki Prometheus

Ɗan'uwa, tsakanin finafinan Prometheus da Alien: Covenant da ka ce ɗaya kawai za ka iya saya, ɗauki Prometheus. Duka biyun suna nan a kwabata. Ɗaya ya sha kallo har bayansa ya yi zane-zane, ɗayan kuwa sau ɗaya ya shiga na'ura ya fito, tun ranar ƙura ke cinsa.

Na ga wasu sun riga sun fara ce maka Prometheus shirme ne. Ba sharri suka yi masa gaba ɗaya ba, zan zo kan maganarsu.

Na sayi faifan Prometheus a 2013, lokacin ina gwauro, shago ɗaya muke kwana da wani abokina mai aikin safiyo. Daren da muka sa shi babu wuta, sai da muka yi karo-karo muka zuba wa ƙaramin janareto fetur. Mu biyar ne, wasu a katifa wasu a tabarma. Fim ya buɗe da duwatsu da wani mahaukacin ruwa da ke zubowa daga tsauni, a Iceland aka ɗauki wurin. Ga wani ƙato fari fat, ko silin gashi babu a jikinsa, yana tsaye a bakin ruwan. Ya buɗe ɗan kwano ya shanye wani baƙin abu, jikinsa ya fara ruɓewa yana zagwanyewa, ya faɗa ruwa. Yaron mai shayi da ya kawo mana kofuna ya tsaya a bakin ƙofa da faranti a hannu, bai koma ba sai da ubangidansa ya aiko a kira shi.

Fetur ya ƙare mana daidai wurin da jarumar, Elizabeth Shaw, ta kwanta cikin na'urar tiyata tana so a cire mata abin da ke motsi a cikinta. Ɗaki ya yi duhu ɗif. Abokin nan nawa mai safiyo, wanda tun tsakiyar fim yake tsaki yana cewa an raina masa hankali, shi ne ya zari makullin babur ƙarfe sha ɗayan dare ya tafi wajen 'yan bumburutu ya sayo kwalba ɗaya. Har yau idan muka haɗu yana cewa fim ɗin banza ne, ni kuma sai in tambaye shi wa ya sayo fetur.

Labarin a taƙaice, ba tare da na ɓata maka ba: a 2089 Shaw da saurayinta Holloway, masu tonon kayan tarihi, suka ga zane a wani kogo a tsibirin Skye da ke Scotland, ƙaton mutum yana nuna wasu taurari. Irin zanen nan an same shi a wurin tsofaffin al'ummomin da ba su taɓa haɗuwa da juna ba. Sai suka ɗauka gayyata ce daga waɗanda suka ƙera ɗan'adam, suka sa musu suna Injiniyoyi. Wani tsohon attajiri, Peter Weyland, ya zuba dukiya, kumbo mai suna Prometheus ya tashi da mutum 17, suka isa wata duniya da ake kira LV-223 a ƙarshen 2093. Sunan kumbon daga tatsuniyar Girkawa ne, wanda ya sato wuta ya ba mutane aka azabtar da shi. Daga sunan ma ka san ba lafiya za a dawo ba.

Abin da ya raba kan mutane tun fitowarsa a 2012 tsohon bashi ne. A fim ɗin Alien na 1979, darakta Ridley Scott ya nuna gawar wani ƙaton halitta zaune a kujera cikin wani tsohon kumbo, ƙirjinsa a fashe, bai ce ko wane ne ba, ya wuce. Shekara 33 masoya suna tambaya. Da aka ji Scott ɗin da kansa ya dawo, kowa ya gyara zama zai ga yadda gawar nan ta zo wurin da yadda dodon da ke cikin Alien ya samo asali. Sai aka kai su wata duniyar daban, don ta Alien LV-426 ce, wannan kuwa LV-223, kumbon ma ba shi ba ne. Jon Spaihts ne ya fara rubuta labarin, nasa ya fi manne wa Alien, da ƙwayaye da dodon da aka sani. Daga baya aka kawo Damon Lindelof, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shirin talabijin mai dogon zango Lost, ya janye shi daga can ya mai da shi labarin neman asali. Duk wanda ya bi Lost har ƙarshe ya san halin mutumin: ya iya ƙulla tambaya, warwarewa ce ba ta dame shi ba. To wanda ya zo neman dodo ya tashi da yunwa, wanda ya zo neman amsa ya tashi da sababbin tambayoyi.

Yanzu ga inda masu zagi suka yi gaskiya, kuma ba zan kare ba. Mutanen da aka ɗebo a matsayin masana, an kashe musu maƙudan kuɗi, amma wautarsu ta fi ta ɗan fari. Suna shiga wani kogo a LV-223 na'ura ta ce iska ta shaƙu, sai Holloway ya tuɓe hular kwanonsa, sauran suka bi, kamar iska ce kaɗai ke kashe mutum. Fifield, masanin duwatsu, shi ne ya saki ƙwallayen nan masu tashi da jan haske suna zana taswirar kogon, kuma shi ne ya ɓata a ciki. Nan ne abokina ya kusa jifan talabijin da kofi. Ya ce shekararsa goma yana awon filaye a daji, bai taɓa ganin mai riƙe da na'urar awo ya nemi a nuna masa hanya ba. Abokin ɓatan Fifield kuma, Millburn, masanin halittu ne wai. Ya ga gawa ya tsorata ya gudu, amma da wani abu mai kama da maciji ya fito daga baƙin ruwa ya fasa kai a gabansa, sai ya tsuguna yana lallashinsa yana miƙa hannu. Ko yaron da ke kiwon awaki ya san abin da ake yi idan kumurci ya fasa kai. Sai Vickers, mai kula da tafiyar, wadda Charlize Theron ta fito, kumbo mai siffar ƙawanya yana gangarowa a bayanta tana gudu a miƙe gabansa, alhali taku kaɗan gefe ya ishe ta. Shaw kuma an tsaga mata ciki an ɗinke da ƙusoshi, bayan 'yan mintuna tana tsalle tana gudu. Yayata ma'aikaciyar jinya ce, da ta ga wurin dariya ta yi, ta ce matan da aka yi wa tiyatar haihuwa ko tari tsoronsa suke.

Wani abin da har yau ban gane ba, me ya sa aka ɗauki Guy Pearce, mutum ɗan shekara arba'in da 'yan kai, aka lafta masa roba a fuska ya zama Weyland tsoho tukuf? Tsofaffin 'yan wasa sun ƙare ne?

Duk da haka na kalle shi ya fi sau goma, kuma dalilin David ne, mutum-mutumin da Michael Fassbender ya fito. Shekara biyu da 'yan watanni mutane suna kwance a akwatunan barci, shi kaɗai ke yawo cikin kumbo. Yana hawan keke yana jefa ƙwallo a raga, yana koyon tsofaffin harsuna, yana rina gashinsa, yana kallon Lawrence of Arabia yana kwaikwayon maganar Peter O'Toole, yana kuma leƙa mafarkin Shaw ba da izininta ba. Mintunan nan kusan babu magana, amma kafin kowa ya farka ka riga ka san akwai wani abu a ƙasan ladabin nan nasa. Irin yaron gidan nan ne mai rusunawa yana cewa "to, ranka ya daɗe" alhali ya gama ƙirga duk wulaƙancin da aka yi masa. Weyland a gaban jama'a ya ce David kamar ɗa yake a gare shi, a numfashi ɗaya kuma ya ce ba shi da rai. Ka kalli fuskar David a wurin.

Hirar da na fi so ita ce tasa da Holloway a gefen teburin sunuka. Holloway yana shaye-shaye don baƙin cikin ya tarar da Injiniyoyin a mace, ba zai samu ya tambaye su dalilin yin mutum ba. David ya tambaye shi, to ku me ya sa kuka yi ni? Ya ba shi amsar raini, cewa don sun iya ne kawai. David ya nuna masa yadda zai ji da shi aka ba wannan amsar. Sannan ya miƙa masa kofi. Ka lura da yatsansa lokacin da yake miƙawa, ba zan ƙara komai ba.

Akwai maganar da ya kamata in faɗa maka tun yanzu. Fim ɗin ya ginu ne a kan cewa wasu halittu ne daga sama suka samar da ɗan'adam. Ɗaya daga cikin mu biyar ɗin nan da aka zo wurin ya yi istigfari ya ɗauki takalmansa ya fita, kuma ban ga laifinsa ba. Ni dai a tatsuniya na ɗauke shi, kamar Gizo da Ƙoƙi. Fim ɗin ma da kansa bai rufe ƙofar ba: Shaw tana sanye da sarƙar gicciye ta mahaifinta, da Holloway ya nuna mata ai yanzu sai ta cire tunda an gano waɗanda suka yi mu, sai ta tambaye shi su kuma wa ya yi su. Idan ka san irin wannan zai tsaya maka a rai, ka bar duka biyun, don Covenant ya fi nutsewa a ciki.

Shi Covenant ɗin, na 2017, ban da abin faɗi da yawa. Hoto ya yi kyau, Fassbender ya fito mutum biyu, David da Walter, ya kuma yi ƙoƙari. Shi ke nan. Scott ya ji ƙorafin cewa babu dodo sai ya dawo da dodo, ya yi watsi da tambayar da ya bar mu da ita. Shaw da muka rabu da ita ta nufi garin Injiniyoyi neman amsa, ba ka ma ganin yadda ta ƙare, labari kawai za a ba ka. Wautar kuma ta ninka: waɗannan ko hular kwanon ba su sa ba suka sauka baƙuwar duniya, kyaftin ɗinsu kuma aka ce ya leƙa cikin ƙwai ya leƙa. Juyin da aka ɓoye a ƙarshe tun saura rabin awa na gano shi. Kasuwa ma ta nuna, Prometheus ya tara sama da dala miliyan 400, Covenant wajen miliyan 240, na ukun da ake sa rai bai fito ba. Kuɗin da na ba da a kan Covenant da tsire na saya da ya fi min.

Ba ka tambaya ba amma ka yi hattara da masu sayarwa. Faifan Covenant na farko da na saya a wani shago a bakin titi, bango mai kyau har da leda, ina sawa sai ga kwafin da aka ɗauka da kyamara a sinima, kan wani yana gilmawa, wani yana tari. Na mayar, mai shagon ya rantse min shi ma haka aka kawo masa, kuma ba a mayar da kuɗi. Sai da na sake sayen wani. Masu tura fim a waya kuma wasunsu sukan matse shi ya zama ɗan mitsitsi don ya yi saurin shiga. Wani fim ɗin zai jure, wannan ba zai jure ba, don rabinsa a cikin kogo ne, sai ka ga baƙi kawai da 'yan fitilu suna yawo. Kafin ka miƙa kuɗi ka sa a buɗe a gabanka, a ja zuwa wajen minti 40 inda suke cikin kogo, ka ga ko kana rarrabe fuskoki. Ka duba tsawonsa, awa 2 da minti 4 ne. Kada ka karɓi faifan nan mai fim ashirin a ciki. Wanda ya ce maka yana da Prometheus kashi na uku maƙaryaci ne, tallan bogi ne irin na YouTube ko wani fim aka canza wa suna. Akwai kuma wanda zai miƙo maka Alien vs. Predator na 2004 ya ce shi ne mafarin labarin, ba Scott ne ya yi shi ba, ba kuma shi kake nema ba.

Idan ka samu mai kyau, ka kalle shi a talabijin da daddare, fitila a kashe, ba a waya ba. Yara su yi barci tukuna, kuma ka gama cin tuwonka kafin a zo wurin tiyatar. Ka cika tankin janareto.