Wace manhaja ce za ta zame maka jiki?

Kafin ka biya kuɗin shekara guda a kan wata manhaja, tambayi kanka sau nawa buƙatarta ke taso maka da kanta, ba sai wayar ta yi ƙara ta tuna maka ba.

Manhajojin aika saƙo irin su WhatsApp da Telegram sun fi kowace riƙe mutum, domin mutanenka ne ke jawo ka can kullum. Wannan riƙon ne ya sa Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19. In za ka zaɓa wa ma'aikatanka irin wannan, ka tabbata kowa zai koma kanta. In rabi na nan rabi na can, ba za ta yi rai ba.

Sai manhajojin kalanda, na ajiye rubutu da na lissafin kuɗi. Ƙarfinsu yana cikin abin da ka zuba musu: duk ranar da ka ƙara wani abu, barinsu na ƙara wuya. Shi ya sa nake ba da shawarar ka duba tun farko ko za ka iya kwashe bayananka in ka so tafiya.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne manhajojin koyon harshe da motsa jiki, domin ba wanda ke jiranka a ciki. Duolingo, manhajar koyon harshe, na ƙirga maka ranakun da ka jera ba fashi, kuma dabarar na aiki, amma da yawa in jerin ya katse sai gwiwa ta yi sanyi. Anki kuwa, manhajar hadda da katunan tambaya da amsa, tana dawo maka da kati daidai lokacin da ka kusa manta shi, ga wanda ya riga ya ƙudura niyya. Binciken da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan a 2009 ya nuna sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zauna, wasu 18, wasu har 254. Gwajin kyauta na mako ɗaya bai isa ya nuna maka komai ba. Biya wata-wata, kashe sanarwarta bayan wata biyu, ka ga ko hannunka zai neme ta.

Manhajar cike takardun haraji ko sayen tikitin jirgi kuwa, sai lokacinsu ya zo ake tuna su. Biya iya abin da ka yi amfani da shi.