1984 ko Gandun Dabbobi: wanne za a fara ba ɗalibi?

Duka littattafan biyu George Orwell ne ya rubuta su, kuma a kan mulkin danniya suke. Animal Farm, wato Gandun Dabbobi, ya fito a 1945, 1984 kuma a 1949, watanni kaɗan kafin rasuwarsa.

Tun da aka sa mu karanta 1984 a makaranta zuciyata take a rabe. Tauraron labarin, Winston Smith, yana aiki a Ma'aikatar Gaskiya, yana sake rubuta tsofaffin jaridu don su dace da abin da Jam'iyya mai mulki ta faɗa yau. Wannan ya ratsa ni ƙwarai. Amma dogon bayanin siyasar da ke littafin Goldstein, maƙiyin Jam'iyyar, wanda Winston ke karantawa a cikin labarin, yana gajiyar da ɗan sakandare, azabar da aka yi wa Winston a ɗaki na 101 kuma ta yi wa yaro nauyi. A ƙarshe an karya Winston, ya ci amanar masoyiyarsa Julia, babu wata mafita.

Animal Farm gajere ne, tamkar tatsuniya. Dabbobi suka kori manomi, aladu suka hau mulki, har suka koma irinsa. Ga shi da Hausa, Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtuwa. Shi zan fara ba ɗalibi, 1984 ya jira jami'a.